Tsaga a Ɗakin Jego

Ina da kwana tara da haihuwa na fara lura da ruwan randa. Na buɗe zan ɗiba, sai na ga ruwan yana rawa alhali ban taɓa shi ba. Kwanukan Inna da ke jere a kan kabet suka gogi juna. Sai da aka ɗan jima ƙara ta iso daga wajen duwatsu, dum, jaririn ya zabura ya ware hannuwa.

Shekara biyu ke nan da aka ba mu jiha. Dutse, babban birnin jihar, ta cika da gine-gine, kowane gini kuma yana neman tsakuwa, shi ya sa wani kamfani ya kama fasa dutse da nakiya a bayan ƙauyenmu. Kullum sau biyu, da hantsi da bayan azahar. Mutanen gida sun saba. Ni ce baƙuwa, an kawo ni wankan jego daga gidan mijina a Aujara, aka sa ni a tsohon soron Inna mai rufin azara da ƙasa.

A bangon da ke kan gadona akwai tsaga, ta taso daga gindin azara ta gangaro wajen taga. Ranar da na fara ganinta tsinken tsintsiya ne kaɗai ke shiga. Ƙarshen damina ne, rufin ya sha ruwa ya yi nauyi. Ga rediyon mahaifina Baffa kullum da labarin girgizar ƙasa a Indiya, wai gidajen ƙauye masu nauyin rufi ne suka danne mutane. Na kasa zama wuri ɗaya. In tashi, in leƙa tsagar, in dawo, in sake tashi.

Jaririna Talha ɗan fari ne, kuma a gidanmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne a gaban mutane. Ba na kiran sunansa, ba na kallonsa idan da babba a ɗakin. Ko nono zan ba shi sai Goggo Rabi'atu, ƙanwar Baffa da ke yi mini wanka, ta ɗora mini shi a cinya ina kawar da kai. To da wane baki zan ce ina tsoron rufi ya faɗo wa yaro?

Ran Juma'a yayana Hamma Mu'az, wanda ke koyarwa a sakandare a Kiyawa, ya zo barka. Ya tsaya daga bakin ƙofa, na tambaye shi ko abin da muke ji shi ne irin na Indiya. Ya ce a'a. Ta can, duwatsun da ke can ƙarƙashin ƙasa ne ke matse juna shekaru da yawa, ran da suka goce sai motsin ya bazu ko'ina, kamar yadda ruwan tafki ke yi idan an jefa dutse. Ya ce motsin iri biyu ne: na farko mai sauri ne, tunkuɗa yake yi, na biyu yana biyo baya yana kaɗa ƙasa gefe da gefe, shi ne ya fi rushe gini. Namu kuwa nakiya ce kawai, sai dai ta cikin ƙasa motsin nata ke bi shi ma.

Na ce to me ya sa ruwa ke rawa kafin a ji ƙara. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce da ɗalibansa na lura haka da ya huta. Motsi a cikin dutse ya fi ƙara a cikin iska gudu nesa ba kusa ba, don haka ƙasa ce ke fara kawo labari.

“Idan ruwan ya motsa ki fara ƙirga har ki ji ƙarar,” in ji shi. “Duk uku, kusan kilomita ɗaya ne tsakaninku da su.”

Washegari na ƙirga shida. Na riƙa barin randar a buɗe da hantsi da azahar, Goggo tana rufewa tana faɗan ƙuda, ina sake buɗewa. Bayan mako guda ƙirgan ya dawo biyar, daga nan huɗu. Masu fasa dutsen suna matsowa ta gefenmu. Tsagar kuma ta fara karɓar ɗan yatsana.

Na yi ta juya maganar a raina har na samo hanyar da ba za ta ba ni kunya ba. Na ce wa Inna ina jin tsoron girgizar nan, ga bango ya tsage, kada wani abu ya faɗo a kan kwanukanta na gado. Na faɗa ina kallon gefen gadon da yaron ke kwance, ina fatan ta bi idona. Inna ta ce lallai na yi hankali. Kafin la'asar ita da Goggo sun kwashe kwanukan kaf sun kai ɗakin Baffa mai rufin kwano, har da faifan ado.

“Kin ga mai jego da tattalin kaya,” in ji Goggo. “Mijin nan naki ya yi dace.”

Aka bar ni da yaro da tsaga. Na gwada ta wata hanyar, na ce ɗakin yana da zafi. Goggo ta ce zafin ake nema, mai jego ba ta sauya ɗaki sai ta yi arba'in, iska ta shige ta wa za a ce ya jawo? Na matsar da gadon iyakar ƙarfina, amma ɗakin ƙarami ne, duk inda ka kai shi azarar nan tana bisa kanka.

Ranar kwana ashirin da uku an yi ruwa da safe. Bayan azahar maƙwabta biyu suka shigo gaisuwa, suna zaune a tabarma da Inna da Goggo, ana shan kunun kanwa. Ni ina gefe na juya wa yaron baya yadda aka koya mini, idona a kan randa. Ruwan ya yi tsalle har ya taɓa baki. Ɗaya, biyu, uku, dum. Wani ɓangoren ƙasa kamar dunƙulen hannu ya faɗo daga gindin azara ya fashe a kan katifa, taƙi ɗaya daga kan Talha.

Ban san lokacin da na sure shi ba. Na rungume shi a ƙirji, na tsallake ƙafafun baƙi.

“Ke Zulai,” in ji Goggo, “a gabanmu?”

“Goggo, ki yi haƙuri. Ɗana ne. Talha ba zai ƙara kwana a ƙarƙashin rufin nan ba.”

Ɗaya daga cikin baƙin ta rufe baki da gefen mayafi. Na fita tsakar gida ba takalmi, na wuce bukkar kara da Inna ke ajiye ƙoren nono, na zauna a kan turmi. Na duba sama: ciyawa ce da karan dawa, ko ta faɗo ba za ta kashe kowa ba.

Ina jiyo muryar Goggo tana cewa yaran yanzu ba kunya, an kai su boko an ɓata su. An daɗe kafin Inna ta fito, da jar ƙasa a hannunta har wuyan hannu, ashe hannun ta tura cikin tsagar ta ji zurfinta. Tabarma da gidan sauro suna hammatarta. Ba ta dube ni ba, ta shimfiɗa, ta tattara ƙoren gefe guda, sannan ta ɗaga murya ta ce wa Goggo a dawo da tukunyar wanka bayan bukka, kuma idan Baffa ya dawo daga wajen shanu a ce ya nemo magini.

Da yamma da Goggo ta zo wanka ta tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa, ta fyaɗa mini a baya da ƙarfin da ya fi na kullum, ta ce in na koma bukka in matsa ciki, bakin ƙofa akwai iska.