Ukasha a Ƙasan Rijiya

Ranar kasuwar Tudun Wada na je sayen igiyar akuya, sai na ga tsohon siton audugar nan da na sani tun ina saurayi an shafe shi da farin fenti. Ƙofa a buɗe, takalma jere a bakinta. Na tambayi mai rake da ke gefe ko walima ake yi. Ya ce a'a, wani matashi ne Badamasi, ɗan Doguwa, da ya koyo ɗaukar hoto a Zariya, ya rataye hotunansa a bango don kowa ya shiga ya kalla.

"Kallo kawai? Ba a ɗaukar mutum?"

"Kallo kawai, Baba."

Na tuɓe takalmi na shiga.

Mu yadda muka san hoto, sai mutum ya yi wanka, ya sa rigar Sallah, ya zauna a kujera ya ɗora hannuwa bisa gwiwa, ya ɗaure fuska kamar an yi masa mutuwa. Waɗannan kuwa ba haka suke ba. Babu launi a cikinsu, baƙi ne da fari, kuma babu wanda ya yi kwalliya. Ga hannun wata tsohuwar Bafulatana tana zuba nono, ɗigo ɗaya ya tsaya cak tsakanin ludayi da ƙwarya. Na daɗe a gabansa ina jira ya faɗa, ya ƙi. Ga dutsen Doguwa da gajimare ya sauko ya kwanta masa a kafaɗa. Ga takalmin roba ƙwaya ɗaya da ya maƙale a taɓon gonar shinkafa, kwaɗo ya hau ya zauna a kai kamar shi ya saya. Na ce a raina, duk abubuwan nan ina wuce su kullum, yaron nan ne ya tsayar da su suka yarda a kalle su.

A bangon ƙarshe akwai hoton da ya fi duka girma. Da fari baƙin da'ira kawai na gani. Da na matsa sai na gane bakin rijiya ne, an ɗauka daga sama. Can ƙasa rana ta zura hannu ta taɓa fuskar wani mutum da ya ɗago kai. Ba riga, ba hula, laka tun daga gemu har cibiya. Ukasha ne, abokina na ƙuruciya, mai haƙar rijiya na Yako.

Ina nan tsaye sai na ji acaɓa ya tsaya a waje. Ukasha ne da kansa, cikin babbar riga, gumi na zuba.

"Jibrin, kai ma kallona ka zo yi? Tsohon banza!"

"Ni igiya na zo saye. Amma wallahi ka yi kyau."

"Kyau ya ci gidansu. A Kwanar Dangora aka tare ni, wai an manna ni tsirara a Tudun Wada. Ina yaron yake?"

Bai ko waiwayi hoton ba. Badamasi ya taho da sauri ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ai na tambaye ka ranar, ka ce in ɗauka."

"Ka tambaye ni ina ƙasan rijiya, ruwa na shiga mini kunne! Na ɗauka a cikin akwatin hoton nan naka zan zauna. Wa ya ce ka fito da ni?"

Sannan ya rage murya ya faɗi abin da ke cin sa. Malam Mu'azu, mijin 'yarsa Furera, malamin makaranta ne a nan garin, kuma an ce yau bayan azahar zai kawo ɗalibansa kallo. Tun da Mu'azu ya auri Furera bai taɓa ganin Ukasha kai ba hula ba. Bai taɓa ganin ya kai loma baki ba. In sun hangi juna a hanya, Mu'azu kan sauka daga babur ya tsuguna, Ukasha kuma ya dubi wani gefen ya amsa.

"Yau kuma surukina ya ga cibiyata? Da wane ido zan shiga gidan 'yata?"

Badamasi ya dubi hoton. Na ga abin ya taɓa shi, don kowa ya shiga ɗakin nan ya san wannan hoton ne uban sauran.

"Shi ke nan, Baba. Jikinka ne. Da ƙusa aka kafe shi, bari in aro guduma."

Yana fita sai ga hayaniyar yara a bakin ƙofa. Ukasha ya damƙi hannuna ya ja ni bayan wani labule inda ake ajiye tsintsiya da tabarmi. Tsofaffi biyu, muka tsaya a matse kamar ɓarayin kaza, muna leƙe ta yagewar labulen.

Malam Mu'azu ya shigo da ɗalibai a bayansa. Yana da wata ɗabi'a ta malamai: kafin ya dubi hoto sai ya sunkuya ya karanta 'yar takardar da aka manna a ƙarƙashinsa. Haka ya bi su, nono, dutse, kwaɗo.

Ya iso bangon ƙarshe yana tsawata wa masu ture-ture. Ya sunkuya ya fara karantawa da ƙarfi: "Ukasha mai rijiya, Yako." Sai muryarsa ta ɗauke. Bai ɗago kai ba. A hankali ya tsuguna a gaban hoton, idonsa a kan siminti, ya ce, "Barka da aiki, Baba."

Yara suka fashe da dariya.

"Malam, hoto ne fa!"

"Na sani. Baban matata ne, ba zan kalla ba. Ku ku kalla, ku gaya mini abin da kuka gani."

Suka yi cincirindo. Wata ta ce idonsa kamar an kunna fitila. Wani ya ce dariya yake yi, wani ya ce a'a, rana ce ta kashe masa ido. Wata ta ce ga sama can a cikin ruwa wajen ƙafarsa, har da tsuntsu.

"To ku kalla da kyau," in ji Mu'azu, har yanzu kansa a ƙasa. "Rabin rijiyoyin Yako hannunsa ne. Mutane na shan ruwan, ba su taɓa ganin inda yake tsayawa ba. Gobe zan kawo 'yan ɗaya ajin su ma su gani."

Ya miƙe ya juya baya, ya kaɗa yaransa suka fita.

Muka fito daga labule, Ukasha da yanar gizo a hula. Ya tafi gaban hoton kamar mai taka ƙaya. Ya tsura masa ido.

"Jibrin, ashe haka nake in an leƙo?"

"Haka kake. Mu da ke sama mun daɗe da sani."

Badamasi ya dawo da guduma, ya tsaya gaban Ukasha. "In cire, Baba?"

"Cire, amma kada ka ɓoye. Ba a tsaye ake kallon mai rijiya ba, leƙa shi ake yi. Kwantar da shi ƙasa mu gani."

Idon Badamasi ya buɗe. Ya zare ƙusoshin, ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗaki, ya kwantar da hoton. Nan da nan mutane suka kewaye shi suna leƙawa. Wata tsohuwa ta dafe kallabinta kada ya faɗa ciki. Ni kaina sai da na ja ƙafata baya, har na ji sanyin nan na ƙasan rijiya ya bugi fuskata. Ukasha ya tsaya gefe yana shafa gemu, yana murmushi.

Na matsa kusa da shi. "Ya yi kyau ƙwarai. Sai dai ka ji Mu'azu ya ce gobe zai dawo."

"To, sai me?"

"Shi kuma ƙasa yake kallo."

Ukasha ya dubi hoton, ya dube ni, murmushin ya tafi.

"Badamasi! Ina gudumar nan? Mayar da shi bango, ɗana. Sama sosai."