Sinkin Zulaihatu

Ni ba gulma nake yi ba, amma katangarmu ɗaya da su Zulaihatu a Liman Abaji, kuma katangar gajeriya ce.

Da suka tashi gyaran kicin, da ƙafarta ta je Sabon Gari zaɓen sinki. Dogara mai aikin famfo ya nuna mata ƙarami wanda ake tara wa bokiti, ta yatsine fuska. Ta ɗauko na silba mai baki biyu, irin na matan Abuja, wanda ruwa ke bin bututu ya ɓace.

Surukarta Inna Asta ta leƙa ramin ta ce, "'Yar nan, ina ruwan yake faɗawa?"

"Can baya, Inna, gindin tsamiya."

"Gindin tsamiya! A gidan nan ba a zubar da ruwan zafi sai an yi bisimilla, masu wurin su janye 'ya'yansu. Ke ma fa goyo gare ki."

Zulaihatu ta kwashe da dariya. "Haba Inna, ai aljanun ma sun waye."

Ran Juma'a da hantsi ta dafa taliya, ta juye tafasasshen ruwan a sinkin bakinta a rufe. Wallahi ina tsakar gidana na ji bututun nan ya yi kuka irin na jariri. Kafin ya yi shiru, 'yarta Nasiha da ke barci a bayanta ta tsandara ihu. Da aka kwance goyon, ƙafar yarinyar ta yi ja jawur.

Yanzu an kife faranti a kan sinkin. Jiya na leƙa ta katanga, na ga Zulaihatu durƙushe a gindin tsamiya tana ba da haƙuri. Har yau dai yarinyar ba ta daina kuka ba.