Kalmar da Akwati Ya Nema

Bayan sallar isha'i Malam Halidu ya fara jin kukan: ƙit, ƙit, ƙit, sai shiru. Ya zaci gyare ne ya maƙale bayan randa. Sai da ya haska tocila ƙarƙashin gado ya ɗaga tabarma, sannan ya gane ƙaramin akwatin kan taga ne.

Akwatin aikin 'yarsa ta fari ne, wadda yake kira Uwale, mai aikin ordinata, wato kwamfuta, a Yamai. Tun rasuwar uwarta take son ɗauke shi daga Dakoro, shi kuwa ya ce ba ya barin lemun da marigayiya ta dasa, ko gwangwanin awon ruwan sama da ya yi shekara arba'in yana leƙawa. Salularsa, wayarsa ta hannu, kullum a ɓace take, har cikin rumbu an taɓa tsinto ta. Sai suka yi alkawari: kowace safiya ya danna maɓalli, akwatin ya aika mata imel cewa ya tashi lafiya. Duk ranar da wasiƙa ta ɗauke kwana uku, dole ya haɗa kayansa ya bi ta.

Ya danna washegari, ya danna jibi, akwatin sai kuka. Rana ta huɗu Uwale ta sauka daga mota da jaka biyu. Ɗaya wayam take, kuma ya san ta wane ne.

Ta zauna gindin lemu ta jona akwatin da ordinatarta. Can ta ce ba laifinsa ba ne, gidan da ke karɓar wasiƙun ne ya sake tsari. A da akwatin yakan faɗi kalmar sirri a fili, a buɗe masa. Yanzu mai gadin can ba ya son jin ta. Yakan jefo wata lamba, sabuwa kowane lokaci, akwatin ya cuɗa ta da kalmar ya mayar da abin da ya fito. Can ma a cuɗa, in ya zo daidai a buɗe ƙofa. Mai laɓe a hanya ba ya tsintar komai.

Abin ya shiga ran tsohon ƙwarai.

“Ke nan su biyu sun san ta, amma babu mai faɗi?”

“Haka ne, Baba.”

Ta ƙara wasu layuka cikin rubutun da akwatin ke bi. Saura matsala guda. In wuta ta ɗauke, akwatin yakan manta kalmar, sai an sake buga masa ita. Takarda ba ta da amfani, za ta bi sahun salula. Ga shi maƙwabciyarsu Maraya ta tsegunta mata cewa watan jiya gishiri ya zuba a shayi maimakon sukari. Uwale ba ta ɗaga kai ba ta ce in babu kalmar da zai iya riƙewa, gobe tare za su shiga mota.

Ya daɗe yana kallon lemun. Sannan ya jawo allon haruffa, ya kama bugawa da yatsa ɗaya, irin na wanda ya tsaya a aji uku. Taurari kawai ke fitowa a gilashin, amma yatsan take kallo. Azara. Sunanta na yanka ne, sunan mahaifiyarsa, wanda shekara talatin da shida bai taɓa fita daga bakinsa ba. Ya ƙara huɗu da uku.

Ta tambayi lambar da murya ƙasa-ƙasa.

“Ruwan ranar da kika zo duniya. Milimita arba'in da uku. Ungozoma sai da ta cire takalmi.”

Uwale ta zare wayar wutar akwatin daga bango ta mayar, ta ce ya sake. Ya sake. Ta bari aka yi azahar, aka ci tuwo, ta kuma zarewa. Yatsan bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya danna maɓalli, akwatin ya yi ƙit guda, salularta ta amsa daga cikin jaka.

Ba ta duba ba. Ta tashi ta ɗauko jakar nan wayam, ta shiga tsinkar lemu tana zubawa, ta ba shi baya, lokaci-lokaci tana kai gefen mayafi ga ido.

Maraya, wadda tun safe take kai-kawo jikin katanga da sunan shanya, ta leƙo.

“To, Malam, wai wace kalma ce kuka ba abin nan har ya yi shiru?”

Malam Halidu ya sunkuya yana kakkaɓe ƙasa daga bakin gwangwaninsa. Uwale ta miƙa hannu ga reshe na sama.