Abin da Douwe Ya Bari a Kunne

Bakwai saura ashirin, Wietske na tsaye a ƙuryar shagon kifinta tana zagin kwamfuta ƙasa-ƙasa, kwamfutar kuwa tana ta jujjuya ɗan zoben jiran nan nata a allo kamar ba da ita ake ba. Da bakwai za a buɗe gwanjon kifi ta intanet. A gwanjon nan farashi daga sama yake gangarowa, wanda ya riga dannawa shi ke da kaya. Kwana uku ke nan Wietske na dannawa, kwamfutar ta tsaya nazari, kafin ta gama wani ya kwashe. Jiya mai gidan abincin bakin gada ya gaya mata ba kwana-kwana, in yau ma babu kifi zai koma wani shagon. Shi ne rabin cinikinta.

A haka Tjitske ta turo ƙofa, rigar ruwanta na ɗiga. Maƙwabciyarta ce, shekara saba'in da ɗoriya, ta yi ritaya daga ofishin gunduma, kuma Allah bai hore mata iya kallon abu ta yi shiru ba.

"Matsa, maƙwabciya. Zagi ba ya tayar da jaki."

Ta danna nan, ta danna can, sai ga jerin manhajojin da ke tashi da kansu duk sanda aka kunna kwamfutar. Goma sha tara. Ta hasashen iska, ta bibiyar jiragen ruwa, ta rediyo, ta wasan dara, har da ta wata na'urar buga takarda da aka zubar tun shekara huɗu. Gefen kowace an rubuta nauyin da take ɗora wa kwamfutar. Duk aikin Douwe ne, mijin Wietske, wanda ya rasu a bazarar bara. Mutum ne da ko igiyar da ta tsinke ba ya yarwa.

Wietske ta san da su. Abin da ya sa ba ta taɓa kai kwamfutar gyara ba ke nan, tsoro take a share mata Douwe. Ta faɗi haka.

Tjitske ta ce ba sharewa ba ce. Kowace tana nan inda take, sai dai ba za su riƙa tashi da asuba su tare hanya ba, sai an kira su.

Idon Wietske ya sauka kan ta ƙarshe, wadda ke nuna cikar teku da janyewarta, mai busa ƙahon jirgi in ta buɗe. Shekara goma Douwe yana jin ƙahon nan ya karanto mata lokutan, ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba. An rubuta mai nauyi ce ƙwarai. Agogo ya ce saura minti tara.

"Kashe su duka," in ji ta, ta juya ta ɗora butar kofi don kada ta gani.

Aka sake kunnawa. Ruwan kofin bai gama tsiyaya ba allon ya buɗe tas. Sai ƙahon jirgi ya busa, sau biyu, kamar kullum. Wietske ta daskare da butar a hannu.

"Zauna mana, an fara," in ji Tjitske.

Ta zauna. Farashi ya soma gangarowa, ta riƙe numfashi, ta danna. Nan take sunanta ya fito. Akwati shida, sannan wasu biyu. Ta kira mai gidan abinci ta ce ya aiko mota da tara, ta ajiye wayar tun bai gama murna ba.

Godiya ta cika ta har ta rasa ta inda za ta fara, ga shi mutanen garin nan ba su iya dogon yabo ba. Sai ta zuba kofi, ta buɗe gwangwanin biskit, ta bar shi a buɗe a gaban Tjitske, abin da ko limamin coci bai taɓa samu a shagon nan ba.

"Na ce ki kashe duka," in ji Wietske.

Tjitske ta ɗauki biskit na biyu. "Waccan mai ƙahon? Ba ta da wani nauyi."

Shekara talatin Wietske tana kan sikeli, ta san lokacin da aka yi wa awo sassauci. Ta duba allon, ta karanto wa maƙwabciyarta cewa teku za ta cika da sha ɗaya da kwata.