Madarar Saniyar Malam Yari

Saniya ɗaya ta rage wa Malam Yari na Turba. Sauran kuwa, ɓarayin daji sun kore su tun bara. Wannan ta tsira ne don ranar tana ɗaure bayan gida da ciwon ƙafa. Masu saye sun zo har daga Sabon Birni, ya ce ba ta sayarwa ba ce, ta Sadiƙa ce.

Sadiƙa jikarsa ce, ɗiyar ɗansa Usaini da ke fatauci a Nijar. Tun da aka yaye ta ba ta ga lafiya ba. Jiki ya yi ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, wani lokaci numfashi ya riƙa fita kamar ana shaƙe ta. Duk ranar da ta kwanta, tsohon da kansa yake tatsa, ya cika mata ƙoƙo da madara mai ɗumi, a shafe ƙurajen da man shanu. Haka aka yi masa yana yaro, haka ya yi wa 'ya'yansa. Kande, uwar yarinyar, ta taɓa cewa kamar abin ya fi tashi bayan ta sha. Ya dube ta sau ɗaya, ba ta ƙara ba.

Wata safiya yarinyar ta sanƙare a hannunsa. A asibitin garin Isa allura ta dawo da ita, likita ya ce a kai ta Sakkwato a duba jininta. Hanya ba lafiya, amma suka bi ayarin motoci, shi da Kande da yarinyar.

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji mai suna Jamilatu ta ɗebi jinin. Da suka koma karɓar sakamako, Malam Yari ya ce shi ba ya yarda da abin da idonsa bai gani ba. Sai ta fito da wata 'yar siririyar takarda, tsawonta bai wuce yatsa ba. Ta ce an jera abinci iri-iri a kanta, kowane da layinsa: gyaɗa, ƙwai, kifi, alkama, madara. Ana zuba ruwan jinin a kai, a bar shi ya jiƙa. In garkuwar jikin mutum tana faɗa da wani abinci, ƙwayoyinta sai su manne a layinsa. A wanke, a zuba wani ruwan magani, wurin ya yi duhu.

Ya kawo takardar kusa da ido. Layi biyu ne suka yi duhu.

"Na ƙasa shaida ne, Baba," in ji Jamilatu. "Jinin kowa aka zuba sai ya fito, don a san aikin ya yi. Na sama madarar shanu ce."

"Madara ba ta kashe mutum," ya ce.

Ba ta yi gardama ba. Ta ce takardar kaɗai ba ta yanke hukunci, likita zai so ya ji lokacin da ciwon ke tashi. Ta juya ga Kande. Kande ta sunkuyar da kai, don ba a ƙaryata suruki a gaban baƙuwa.

"Hwaɗa mata," tsohon ya ce wa Kande.

Ta faɗa duka, har da man shanun.

Da suka isa gida tsohon ya tara matan gidan, ya ce daga yau ba madara, ba nono a fura, ba man shanu a tuwo, ko nasa. Ƙwaryar tatsa ma a fitar da ita.

Da gari ya waye Sadiƙa ta fito da ƙoƙonta kamar kullum, ta tsaya bakin turke.

"Mijina, ina rabona?"

Bai juyo ba. Ya kwance maraƙi, ya sake shi ga uwarsa.

"Tsoho mai rowa. Za ni sake miji."

"Sake," ya ce.

Ta fashe da kuka, Kande ta zo ta ɗauke ta. Shi kuwa ya tsaya nan riƙe da igiya, yana kallon maraƙin har ya shanye.