Matar da Aka Bari a Bayan Ƙofar Jirgi

A ɗakinmu na unguwar Jadid ni ne mai fassara. Ba wanda ya naɗa ni. Na yi lakwal a Damagaram har lise, babbar sakandare, kuma Faransancin da ya rage a bakina bai taɓa samo mini aiki a nan Sabha ta Libiya ba. Siminti nake ɗauka kamar kowa. Amma ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci an ci abinci, sai a jingina salular Barka, abokin zamanmu, da tukunya, a toshe taga da bargo, ni in zauna kusa da ita ina mayar da maganar Turawa Hausa.

Fim ne mai dogon zango, kashi-kashi. Wani jirgi ne ya kwashe sauran mutanen duniya yana yawo da su cikin taurari, suna neman ƙasa mai ruwa. Mace ce ke tuƙa shi. Sunanta ya ƙi zama a bakin mutanenmu, sai suka sa mata Hajiya Kapitan. Akwai mutum-mutumin ƙarfe da ke binta, shi ne Ɗan Kwano. Mugun cikinsu kuwa Mudir, don yana kama da wani mai gini da ake kira haka, wanda ya taɓa sa mu aiki.

Masu fim ɗin sun san sana'arsu. Ba sa tsayawa inda magana ta ƙare. Sai an ɗaga bindiga, ko an miƙa hannu za a kama wanda ke faɗuwa, sannan allo ya yi baƙi. Ɗaki ya ɗauki salati da zagi.

"Waɗannan ba su da tsoron Allah," in ji Baba Yaou, dattijon ɗakin, kullum. "Kamar mai tsire ne. Ya ɗanɗana maka, ya naɗe takarda."

Kashi ɗaya muke kallo a mako, dokar Baba Yaou ce. Ya ce wanda ke jiran Juma'a ba ya saurin yin wauta ranar Talata. Akwai kuma wata dokar da na tarar: duk wanda zai bar ɗakin, gida zai koma ko arewa zai yi, mai fassara yana jan shi waje ya faɗa masa yadda labarin ya ƙare. Ba a shiga hanya da labari a rataye. Shi ya sa ni kaɗai ke da izinin kallon gaba.

Sanoussi mijin yayata Kadidja ne. Shi ya kawo ni Sabha. Mutum ne mai dariya, mai hannun gini, kuma ba ya iya zama wuri ɗaya. Wata safiya muna tsugune a bakin titi inda motocin masu neman leburori ke tsayawa, ya matso kusa da ni.

"Mushe," ya ce. Haka yake kirana, wai malamin lakwal. "Ka fara shirya mini ƙarshen labari. Asabar zan hau."

"Tarabulus?"

"Tarabulus, sannan ruwa, sai Turai."

"Yaya Kadidja ta sani?"

"Kai za ka ce mata ina gona a Wadi Bawanis, ba rezon waya. In na taka wancan gefen ni zan kira ta da kaina."

"In ba ka taka ba fa?"

Ya dungure mini kai. "Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Ƙanin mata bai taɓa yi wa mutum fatan alheri ba."

Mota ta tsaya, muka ruga.

Katin da ke cikin salular Barka kashi biyu suka rage a kansa. Na kalle su ni kaɗai a bayan gida. A na ƙarshe an hango ƙasa mai ruwa, shuɗiya, ga ta nan gaban jirgi. Hajiya Kapitan ta fita waje gyaran wani abu. Mudir ya kulle ƙofa ta ciki. Iskar da ke goye a bayanta ta kusa ƙarewa. Tana dukan ƙofa, ba a jin ƙara. Ɗan Kwano yana tahowa ta dogon lungu, a hankali, ƙafarsa ɗaya ta lalace. Ya ɗaga hannu zuwa maɓalli. Baƙi.

Da aka tashi aiki ranar Laraba na tafi kasuwa wurin Sharhabilu, Bakano mai tura finafinai a kati. Na nuna masa hoton.

"Ci gaban wannan nake so."

Ya duba kwamfutarsa, ya yi tsaki. "Wannan ai sun yi kansal ɗinsa, abokina."

"Me ke nan?"

"Sun daina. Kamfanin ya ga ba riba, ya sallami kowa. Shekaru ke nan. Matar ma yanzu wani fim take yi, na asibiti."

"To ƙofar?"

"Wace ƙofa? Kai, ga wani na aljanun ruwa, sizin bakwai cif, ga faɗa. In tura?"

Na karɓi katina na fito.

A hanya ba Hajiya Kapitan nake gani ba. Zouhoura nake gani, maƙwabciyarmu a gida. Mijinta ya hau irin wannan hanyar ina aji uku. Ba gawa, ba waya, ba saki. Ba ta yi takaba ba, don ba wanda ya ce ya mutu. Ba ta yi aure ba, don ba wanda ya ce ta fita. An je wurin malamai, an je wurin alƙali, dangin miji suka ce a ƙara haƙuri, wani ya ce ya gan shi a wata ƙasa. Duk shekara sai a sami wanda ya gan shi. Tana nan tana soya awara a ƙofar gidan surukai, furfura ta fara fito mata.

Kadidja ce ta goye ni. Ita ta sayar da akuyarta aka saya mini littattafan koleji. Na yanke shawara kafin in kai gida.

Juma'a ta zo. Baba Yaou ya ce tunda Sanoussi zai tafi, a haɗa kashi biyun a kalla. Na fassara kamar kullum, ban ƙara ba, ban rage ba. Da allo ya yi baƙi Barka ya buga cinya.

"Ɗan Kwano, don ubanka, taka da sauri!"

"Ƙarfe ba shi da uba," wani ya ce.

"Ai shi ya sa ba shi da zuciya. Mace na mutuwa yana tafiyar ango."

Sanoussi ya miƙe yana dariya, ya kama wuyan rigata. "Taso, Mushe. Zo ka ba ni guzurina. Ku kuma ku ci kanku har mako mai zuwa."

Ban tashi ba.

"A nan zan faɗa," na ce. "Ba ci gaba. Masu yin sa sun daina. Nan ya tsaya."

Sai Barka ya ce, "Ƙarya kake."

"Je ka tambayi Sharhabilu."

"To ta mutu ko ta shiga?"

"Ba ta mutu ba, ba ta shiga ba."

"Wane irin zance ne wannan?" Sanoussi ya ce. Dariyar ta bar fuskarsa, da gaske ransa ya ɓaci. "Mutum ya tara jama'a, ya fitar da baiwar Allah waje, ya kulle ƙofa, ya kama gabansa? Ko kashe ta ne ai sai su kashe, mu yi mata addu'a mu huta."

"Haka ne, Yaya," na ce. "Shi ya sa ba za ka hau gobe ba sai ka gama da Kadidja."

Ya dube ni. Kowa ya dube ni.

"Ba zan ce mata kana Wadi Bawanis ba. In ka ƙi, yanzu zan kira ta, in kira babanmu, in kira mahaifinka. In kuma tafiyar ce dole, ga shaidu. Ka faɗa a gabansu: in an daina jin ka, ka sake ta."

"Kai yaro, ka san da wa kake magana?"

"Da mijin yayata."

"Ni zan saki Kadidja? A kan fim?"

"Ba a kan fim ba."

Ya yi kaina, ya cafki wuyan rigata har ya yage. Barka ya shiga tsakani, tukunya ta kife, salula ta faɗi. Ban matsa ba.

"Sanoussi, zauna," in ji Baba Yaou. Bai ɗaga murya ba. "Kai kuma Ismaël, bakinka ya yi kaifi. Ba a tsayawa kan mutum a ce saki. Ba naka ba ne, ba ka ɗaura ba."

"Baba, ai..."

"Na ce ba naka ba ne. Amma maganar tana da ƙafa." Ya juya ga Sanoussi. "Na ga mutane da yawa sun fita ta ƙofar nan. Wasu sun kira. Akwai abin da ake yi, ba yau aka fara ba. Ba sakinta za ka yi ba. Za ka sa al'amarin a hannunta. Ka yanka lokaci. In ya wuce ba ta ji ka ba, ita ke da zaɓi: ta zauna, ko ta fita, ba sai ta durƙusa wa kowa ba. In ka isa lafiya ka kira, magana ta mutu a ɗakin nan."

"Zan isa," Sanoussi ya ce.

"In sha Allahu. To me zai cutar da kai?"

Sanoussi ya dubi bargon taga. Ya fita. Muka ji yana zuba ruwa a buta, ya wanke fuska. Na ɗauka ba zai dawo ba, na fara neman lambar Kadidja. Sai ga shi a bakin ƙofa.

"Baba Yaou, Barka, ku shaida." Ya goge ruwan fuskarsa. "Daga yau, in azumi biyu suka wuce Kadidja ba ta ji muryata ba, aurenta na hannunta. In ta so ta jira, in ta so ta tafi. Kada wani nawa ya tare ta."

"Mun shaida," suka ce.

"Saura ka faɗa mata za ka hau," na ce.

"Wannan kuma kai za ka yi, tunda kai ne mai fassara." Bai kalle ni ba. "Ni in na ji muryarta ba zan iya ba."

Na so in ce to kada ka iya. Baba Yaou ya girgiza mini kai, na haɗiye.

Da safe ya ɗauki jakarsa. Ya yi sallama da kowa hannu da hannu. Da ya zo kaina ya tsaya, ya gyara mini wuyan rigar da ya yaga jiya, ya wuce. Na bi shi har bakin titi. Motar da za ta kai su wurin taruwa ta zo, ya hau baya, ya zauna yana kallon gaba.

Ban je neman aiki ba. Na zauna a inuwar katanga na kira gida.

Kadidja ta saurara har na gama. Ina jin kukan ɗanta a bayanta, da tabarya a gidan maƙwabta.

"Wa ya aike ka?" ta ce.

"Ba kowa."

"Ka tsaya gaban maza ka yi ciniki da aurena, Ismaël? Ni na ce maka ina son fita?"

"Ba ki ce ba."

"Da ka bar shi ya yi mini ƙaryar, da na yi barci ko na mako guda."

Ta yi kuka kaɗan, ta tsaya, ta fyace hanci.

"Su wa suka shaida?"

"Baba Yaou da Barka."

"Mutanen kirki ne? Za su faɗa in an tambaye su?"

"Za su faɗa."

"To maimaita mini abin da ya ce. Yadda ya faɗa, kada ka gyara masa."

Na maimaita mata, kalma bayan kalma.