Hular Baba Mqadi

Kifin farko da ya shigo gidan Mqadi a Pinetown ta Afirka ta Kudu a cikin kwalba ya zo, kuma matarsa MaCele da kanta ta ba shi wuri a kan firji. Ba ta san abin da ta buɗe wa ƙofa ba. Bayan da mijin nata ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa, akwatunan gilashi suka cinye falo, suka cinye baranda, suka kori mota daga gareji, har ɗakin da jikoki ke kwana in sun zo hutu sai an shiga a karkace. Ranar da ta ɗauko wata roba a firji tana zaton niƙaƙƙen nama ne, ta tarar da jajayen tsutsotsi daskararru, ranar ta kafa doka: ko ƙwaya ɗaya ba za a ƙara saya ba.

Mqadi ya rantse, kuma ga dukkan alamu ya riƙe rantsuwarsa. Sai dai yana da wani amini mai yawan kyauta, Selvan Moonsamy na Chatsworth. Lokaci-lokaci sai a ga Selvan a bakin ƙofa da leda cike da ruwa, yana murmushi.

"Sista, waɗannan sun yi mini yawa. Na ce bari in kawo wa ɗan'uwana."

Sista suke ce mata saboda ta daɗe tana aikin nas a ɗakin haihuwa. Ita kuwa ba a yi mata tarbiyyar mayar da kyauta ba. Takan karɓa, ta yi godiya, har ta ƙunsa masa kek ya tafi da shi.

Wata Asabar ƙungiyarsu ta masu kiwon kifin ado ta shirya bita da safe, gwanjo kuma da rana. Mqadi ya ce zai je ne kawai ya sayar da ƙananan kifayensa da suka hayayyafa. MaCele ta ji kalmar sayarwa ta yi mata daɗi, ta ɗauko jaka ta ce da ita za a.

"MaCele, ina ce warin ruwan kifi ciwon kai yake sa miki."

"A gidan nan nake kwana, Baba. Ciwon kan ya gaji ya ƙyale ni."

Zauren wata majami'a suka karɓa haya. An jera tebura a jikin bango, kowanne cike da ledoji masu lamba, kifi na iyo a ciki yana kallon mutane, mutane na sunkuyawa suna kallonsa. Manyan maza masu furfura suna ɗaga leda sama suna leƙen ƙarƙashin kifi, suna musu kan mace ce ko namiji. Mqadi ya ajiye kayansa, ya gyara hularsa ta hana-salla, ya shige cikinsu ya ɓace.

MaCele ta nufi teburin shayi, inda Kamla matar Selvan ke tsame samosa daga mai.

"Sista MaCele, yau a nan? An zo gadin hula ke nan."

"Wace hula?"

Kamla ta tsaya da matsami a hannu. Ta dubi MaCele, ta ga da gaske take, sai dariya ta kama ta har ta dafa tebur.

"Ashe ba ki sani ba. Sista, duk zauren nan babu wanda bai san zancen hular mijinki ba. In ya ga kifin da yake so sai ya cire ta, Selvan ya shiga tayi. In ya mayar, Selvan ya tsaya. Kifin ya yi 'yan kwanaki a garejina, sannan a kawo miki a ce kyauta."

"Duka?"

"Duka. Selvan bai taɓa ba kowa ko tsutsa kyauta ba. Amma kek ɗinki da daɗi, ni nake cinye rabi."

MaCele ta karɓi samosa ta ci a tsaye, ta karɓi wata. Ta tuna yawan ƙwai da madarar da ta ƙarar saboda Selvan, ta ji kunnenta na zafi. Ta waiwaya ta hango mijinta can yana wa wani Bature bayani da hannu bibbiyu, hular zaune daram a kansa. Ta so ta je ta fizge ta a gaban jama'a. Sai ta ga ai hakan ya yi masa sauƙi.

Aka buga ƙararrawar bita. Ta zauna a layin gaba, ba don komai ba sai don nan ne fanka take. Wata budurwa mai suna Nokwanda, malamar makaranta, ta kawo ƙaramin akwatin gilashi da kifi ɗaya a ciki, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, da baƙin layi a gadon baya. Ta ce irin na tafkin Malawi ne, kuma mace ce.

"Ku dubi maƙogwaronta yadda ya kumbura. 'Ya'yanta ne a ciki. Tun suna ƙwai take riƙe da su a baki, makonni ke nan ba ta ci komai ba. Yau za mu sauke mata. Wa zai riƙe mini kwano?"

Maza suka yi ta kallon juna. MaCele ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

Nokwanda ta jiƙa hannu, ta kama kifin a hankali, ta tsoma kan kifin cikin kwanon, ta buɗe bakin da ɗan tsinke. Sai ga su suna fitowa, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, kowanne ido biyu da ɗan bindi. Suka yi ta fitowa har MaCele ta fara mamakin inda suka samu wuri. Aka saki uwar cikin kwanon don jama'a su gani. Maimakon ta nemi mafaka, sai ta shiga bin 'ya'yan tana tsince su ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa baki, ga ta a rame, ga ta a gajiye.

"Huta mana, yarinya," MaCele ta ce a hankali. "Kin gama. Babu mai taɓa su."

Aka yi dariya a zauren, ita ba ta ji ba. Rabonta da ganin sabuwar haihuwa tun da ta ajiye farin kaya, kuma ba ta san tana kewa ba sai yanzu. Nokwanda ta ce uwar da 'ya'yan duk za su shiga gwanjo anjima, a ɗaure tare.

MaCele ta koma kujera tana lissafi da zuci. Ita ta kafa doka, a gaban 'ya'ya da surukai. In ta ɗaga hannu ta taya kifi, Mqadi zai yi ta ba da labarin har a wajen jana'izarta. Ta daɗe tana kallon fanka. Can sai ta yi murmushi.

Bayan cin abinci aka gyara kujeru. Mai gwanjon, Oom Fanie, wani jibgegen dattijo mai gajeren wando, ya hau dandamali da ludayin katako a madadin guduma. Mqadi ya zauna kusa da matarsa, ya naɗe hannu kamar wanda ya zo sauraron wa'azi. Selvan yana can gefe wajen taga da kwalinsa mai lamba, inda zai hango ƙeyar amininsa.

Aka sayar da ciyayin ruwa, aka sayar da injin iska, aka sayar da kifayen Mqadi a kan abin da bai kai kuɗin mai ba. Sannan Oom Fanie ya ɗaga wata babbar leda. Kifi biyu ne, mace da namiji, masu faɗi kamar faifai, shuɗi da ratsin ja. Zauren ya yi tsit. MaCele ta ji numfashin mijinta ya sauya. Hannunsa ya taso daga cinya, ya sosa haɓa, ya sosa kunne, ya nufi hula.

Ta riga shi. Ta ɗora tafinta a tsakar kansa ta danna.

"Bar ta, Baba. Fankar nan saiti take da kai, ka san ƙirjinka."

"Zafi nake ji."

"Zafin mura ne. Jiya ma na ji kana tari."

"Ban yi tari ba."

"Cikin barci ka yi."

Ta bar hannun a wurin, tana ɗan shafa hular kamar mai lallashi. Wata tsohuwa a bayansu ta ce wa mijinta ya koyi yadda ake zaman aure. Mqadi ya yi ta mutsu-mutsu, yana karkata kai hagu da dama, Selvan na can yana miƙa wuya yana jiran alama. Ludayi ya sauka. Wani mai gemu daga Pietermaritzburg ya tafi da kifayen. Mqadi ya bi ledar da ido har aka saka ta a kwali.

Ledoji kaɗan suka wuce, sai ga rawayar nan, ita a leda ɗaya, 'ya'yan a wata, an haɗa da roba. Oom Fanie ya ce wa zai buɗe da rand hamsin.

MaCele ta dubi mijinta da tausayi.

"Kai, ashe da gaske gumi kake yi. Kawo nan."

Ta zare hular ta shiga yi masa fifita da ita. Sanƙonsa ya bayyana yana ƙyalli, kwalin Selvan ya tashi sama.

"MaCele, ba ni hulata."

"Yanzu ka ce zafi."

"Ya wuce. Sanyi nake ji."

"Ka ga abin da nake faɗa, zazzaɓi ne. Bari iska ta taɓa ka."

Mai gemu ya ga Selvan na tayi, ya san Selvan ba ya tayin banza, sai shi ma ya shiga. Ɗari, ɗari da hamsin, ɗari biyu. Selvan ya fara kallon amininsa da alamar tambaya, don irin wannan kifin Mqadi yana da su a gareji har yana rabarwa. Amma kai a buɗe yake, yarjejeniya kuma yarjejeniya ce. Mqadi ya ɗora tafi a kan sanƙon ko za a ɗauka hula ce. Ya jawo takardar shirin taro ya kifa a kai. MaCele ta cire ta, ta ce kada ya ba ta kunya a cikin mutane. Ya miƙa hannu zai ƙwace hular, ta mayar da ita ɗaya hannun tana fifita wa kanta.

"Wai me ya dame ka da hular nan yau? Ko akwai abin da ya kamata in sani?"

Ya janye hannunsa.

"Babu."

"To zauna."

Da tayi ya kai inda kifin rawaya bai taɓa kaiwa ba a tarihin ƙungiyar, mai gemu ya girgiza kai ya ajiye kwali. Oom Fanie ya buga ludayi, ya dubi Selvan, ya dubi sanƙon Mqadi, ya ce ya sallama wa Mista Moonsamy, kuma yana yi wa duk wanda abin ya shafa fatan alheri. Rabin zauren suka sunkuyar da kai suna dariya. Kamla ta juya baya tana goge tebur, kafaɗunta na girgiza. Nokwanda, mai kifin, ta rufe baki da hannu biyu. MaCele ta mayar wa mijinta hular, ta daidaita masa ita.

A wajen ajiye motoci ta ce ta manta jakarta a ciki, ta ba su ɗan lokaci. Da ta dawo ta same su a bayan motar Selvan suna faɗa da raɗa, Mqadi na mayar da walat aljihu. Ledojin na hannun Selvan. Yana ganinta ya nemi ɓoye su a baya.

"Selvan, me ka samu haka? Kar dai su ma sun yi maka yawa."

Selvan ya dubi Mqadi. Mqadi ya dubi tayar mota.

"E to, Sista, da ma ina tunanin nan da 'yan kwanaki..."

"Me zai sa ka wahala da zuwa har Pinetown? Kawo, tun da ga mu. Allah ya saka. Sai dai kek ya ƙare, ƙwai ya yi tsada."

Ta rungume ledojin ta shiga mota. A hanya ta hana shi wuce kowa, ta sa shi ya bi duk wani tudun kwalta kamar mai ɗauke da ɗanyen ƙwai. Sun kusa gida kafin ya yi magana.

"Kamla ce ko?"

"Dubi hanya, Baba."

"Kin san da kuɗin nan da na sayi masu faɗin nan?"

"Ai kai ba ka sayen kifi. Ka rantse."

Can ya saci kallonta, ya ga ta ɗaga ƙaramar ledar saitin taga tana duba 'ya'yan, leɓenta na motsi. Fushin nasa ya fara saki. Ya lura cewa matar da ke magana da kifi ba za ta daɗe tana hana kifi ba, sai ya gyara murya.

"To yanzu dokar ta faɗi ke nan."

"Tana nan. A kanka."

"Waɗannan fa?"

"Wannan mai jego ce. Kwantar da ita zan yi."

Da suka isa ta zagaya gidan ta zaɓi akwatin da ya fi kowanne kyau, na falo mai fitila, ta ce a kwashe mazauna ciki a kai su gareji. Mqadi ya yi gunaguni, ya naɗe hannun riga, ya ɗauko raga da bokiti. Ya nuna mata yadda ake barin leda ta yi iyo a saman ruwa kafin a kwance, don kada sanyi ya bugi kifi, da yadda ake raba akwati biyu don uwar ta huta. Ta saurara ba ta katse shi ba, abin da ya daɗe bai gani ba.

Uwar ta fito ta zagaya sau ɗaya, ta laɓe bayan dutse. MaCele ta jawo kujera ta zauna gaban gilashin, ta cire takalmi.

"Baba, me mai jego take fara ci?"

"Abinci mai laushi, kaɗan-kaɗan. Akwai na gwangwani a kan kantar kicin."

"Ɗauko. Ka ɗora mana ruwan shayi in ka shiga."

Ya tafi kicin yana fito a hankali. Ita kuwa ta matso da fuskarta jikin gilashi, tana jiran rawayar ta leƙo.